Ranar Da Babur Ɗin Baffa Ya Kama Rawa

A cinyoyina na fara jin abin. Mun baro Gude da hantsi, mun hau kwaltar da ta miƙe zuwa Gwarzo, Baffa, surukina, ya ƙara wuta, sai wata 'yar kaɗawa ta taso daga ƙarfen da nake zaune a kai. Na leƙa ta gefen kafaɗarsa. Madubin dama yana lilo a hankali, ya yi nan, ya yi can. Wanda bai san babur ba zai ce laifin hanya ne, alhali a wurin hanyar sumul take. Ni kuwa na san abin da nake gani, domin a gindin irinsa na tashi. Kan babur ɗin ne ya fara rawa.

Abin da ya biyo baya shi ya kwantar da ni a gadon asibiti, ga ƙafafuna biyu ina kallo amma ba na jin su. Zan zo kansa. Har yanzu in na ji ƙarar babur a bayan katanga sai gabana ya yanke ya faɗi, don haka ku yi haƙuri in zancen ya riƙa yin kwana-kwana. Da ku nake, samarin da kuke tsayawa a bakin garejin Babana kuna cewa gyaran babur ai sifana ce da ƙarfin tuwo, kowa ya kalla sau biyu zai iya buɗe nasa.

Sunana Zuwaira. Babana shi ne Malam Idi, wanda kuka fi sani da Idi Mai Wuya, saboda in babur ya ci karo wuyansa ya karkace, wurinsa ake kawowa. Allah bai ba shi ɗa namiji da wuri ba, idonsa kuma ya fara rauni tun ina tsakiyar sakandare. To, ni na zama idonsa. Ba a bakin titi nake aiki ba, a soron gidanmu ne da ke manne da garejin. Ya turo min gaban babur ta ƙaramar ƙofa, in na gama in tura masa. Da yawanku kun hau aikina ba ku sani ba.

Aikina na farko wanke boris ne, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan da ke cikin wuyan babur, waɗanda kan yake juyawa a kansu. Baba zai zube min su a tsohuwar tasar Inna da kananzir, in wanke, in shanya a ƙyalle, in murza kowanne tsakanin yatsuna. Wanda na ji kaushi a jikinsa in ware shi gefe. Na ci damina na ci rani ina wannan kaɗai, farcena ya yi baƙi har ƙawayena a makaranta suna tambaya ko sabon lalle ne. Da na yi ƙorafi, Baba ya ce, "Wanda bai san ƙwaya ba, Zuwaira, ba a ba shi dami."

Daga nan ya koya min ɗaurin notin wuya. Wannan noti ba shi da ma'auni sai hannun mai ɗaurawa. In ka bar shi sake, babur ya riƙa ƙwanƙwasa a duk ramin da ya faɗa. In ka matse shi, kan ya yi tauri, babur ya riƙa yawo a hanya kamar mai gyangyaɗi, ka gyara shi nan ya zarce can. Wani mahauci daga Jama'a ya taɓa kawo nasa yana rantse-rantse cewa abokan kasuwa sun yi masa asiri, don kullum sai babur ya nufi gefen titi da shi. Baba ya ɗora cikin babur ɗin a kan tsohon turmi, tayar gaba ta tashi sama, ya ce in tura kan da yatsa ɗaya. Na tura, ya zo tsakiya ya tsaya cak. An matse notin har boris sun ci rami a mazauninsu.

"Sarkin fawa," in ji Baba, "bokan da ya yi maka wannan aikin, sifana yake riƙewa."

Amma babban karatun, wanda saboda shi nake wannan rubutu, da igiya aka koya min shi. Ku tsaya a gefen babur ku dube shi. Shokokin gaba, wato sandunan ƙarfe biyun da suka riƙe tayar gaba, ba a tsaye suke ƙyam ba. Sun kishingiɗa, ƙafarsu ta yi gaba, kansu ya yi baya. Baba yakan ɗora igiya a jikin wuyan, ya ja ta yadda wuyan ya kwanta har ta taɓa ƙasa, ya ce in yi zane a wurin da ƙusa. Sannan in yi wani zanen a daidai inda taya ta taka ƙasa. Zanen igiya kullum yana gaba, na taya yana baya, tsakaninsu kamar faɗin tafin hannu. Wannan 'yar tazarar ita Baba yake kira hankalin babur.

"Kin taɓa kai akuya kasuwa?" ya tambaye ni ranar farko. "In kina gaba kina jan igiya, dole ta biyo ki, ko ta kauce za ta dawo hanya. In kika koma bayanta kina turawa, sai inda ta ga dama. To tayar gaba akuya ce. Muddin wuya yana gabanta yana ja, in ta taka dutse ta kauce, da kanta za ta dawo. Shi ya sa yaro yake sakin hannu a kan babur yana zaton gwanintarsa ce."

In tazarar ta yi yawa, babur ya yi nauyin kai. A miƙaƙƙiyar hanya ya zauna daram, amma a lungu sai ka yi kokawa da shi. In ta ragu, kan ya yi sauƙi, da ɗan taɓawa ya juya, mai shi ya yi ta murna wai babur ɗinsa ya yi laushi. A cikin gari ba ya nuna komai. Sai an hau kwalta an ba shi wuta, taya ta taka ɗan tudu ta kauce, ta dawo ta wuce wuri, ta sake dawowa ta wuce fiye da na farko. Ita ce muke kira rawa. Kuma cinye tazarar nan ba wuya. A sauke gaban babur, ta ragu. A ɗaga bayansa, ta ragu. Ya yi karo shokoki su lanƙwashe su koma ciki, nan ma ta ragu, ko da ido bai gani ba.

Wani saurayi irinku ya zo ana jajiberin bikin abokinsa. Ina daga soro ina jin su.

"Baba Idi, so nake ka zame min shokokin nan sama, gaban ya ɗan durƙusa. In na karya kwana a gaban ƙawayen amarya, sai an yi guɗa."

"Za a yi guɗa," in ji Baba, "ko a yi salati. Ban san wanne zai riga ba."

"Haba Baba, kowa fa yana yi!"

"To je wurin kowa."

Ya tafi, aka yi masa a wani garejin. Bai faɗi a bikin ba. Washegari ma har ya biyo ta gabanmu yana danna hon. Abin takaicin sana'ar nan ke nan: a yi ɓarna a kwana lafiya, a sake yi a kwana lafiya, sai mai faɗar gaskiya ya zama tsoho mai surutu.

Shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabo ita ta karya garejinmu. Manoma suka kasa ɗaukar mota, kowa ya mayar da babur ɗinsa jaki. Masu walda suka samu kasuwa. A ƙara wa kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na baya, tsawo da rodi har ta wuce tayar baya, a cire shokokin baya na asali a sa dogaye, wani ma a jera masa bibbiyu a kowane gefe don su ɗauki buhunan masara. Sabon kaya kuwa ya fi ƙarfin kowa. In shoka ta lanƙwashe, sai a gasa ta a wuta, a bubbuga da guduma, a kanne ido ɗaya a ce ta miƙe. Mu muna da gilashin wani tsohon teburi da muke mirgina shoka a kai, in tana da ko ɗan lanƙwasa za ka ga haske yana shiga yana fita ta ƙarƙashinta. Baba ya nuna wa mutum hasken nan ya ce sai sabuwa. Mutum ya ɗauki kayansa ya tsallaka titi. Muka yi ta wuni ba aikin da ya wuce facin taya. Inna ta fara tuyar awara a ƙofar gida. Injin iskan Baba ma a shekarar aka sayar da shi. Daga ƙarshe shi ma ya fara miƙe shoka, amma a sanyi, a matsi, ba wuta, kuma wadda ƙarfenta ya tattare ba ya taɓawa ko za a kwana da yunwa. Ranar da ya yi ta farko bai ci tuwo ba.

A ƙarshen wannan shekarar aka ɗaura min aure da Nura, aka kai ni Gude. Baffa ƙanin mahaifin Nura ne, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami da mahaifin ya rasu, saboda haka surukina ne sosai. Ba na haɗa ido da shi, in zan gaishe shi daga nesa nake durƙusawa, ko a takardar nan ba zan rubuta sunansa ba. Mutumin kirki ne, mai barkwanci, manomi, kuma shi yake kai wa rabin unguwar hatsi kasuwa.

Babur ɗinsa na fara gani kafin in gan shi. Yana jingine a gindin darbejiyar tsakar gida, bayansa a sama, kansa a ƙasa, kamar jaki ya sunkuya shan ruwa. Shokokin baya dogaye ne bibbiyu. Kariya ta yi tsawo kamar gadon yara. A jikin shokokin gaba, ƙasa da wuya kaɗan, akwai shuɗin nan da wuta take bari a ƙarfe. Daga baya na ji cewa ya taɓa karo da amalanken shanu a hanyar Durun, aka gasa masa su a kasuwa.

Na gaya wa Nura a ɗaki.

"Babur ɗin Baffa ba shi da hankali ko kaɗan. In da buhu a kai, bayan zai zauna, a lallaɓa. Amma in ba kaya kuma ya hau kwalta, wallahi zai yi rawa."

"To Injiniya," ya ce yana dariya, "ke za ki je ki gaya masa?"

"Ni? A wane bakin?"

Ya dai gaya masa, da wasa-wasa, suna cin abinci a waje. Na jiyo amsar Baffa ta kan katanga, da ƙarfi don in ji.

"Ka ce wa Injiniya mun gode. Babur ɗin nan ya kai buhu Kabo fiye da gashin kaina, bai taɓa kayar da ni ba. In ya gan ta ma zai ji kunya."

Gaskiya ya faɗa. Hanyoyinsa na ƙasa ne, ba a gudu a kansu, kuma da wuya ya tafi ko ya dawo ba kaya.

Ranar da abin ya faru, ana sunan ɗan Yaya Hadiza ne, yayata, a Gwarzo. Nura ya tafi Kano cirani. Na shirya zan fita bakin hanya jiran mota, sai Gwaggo Ladi, matar Baffa, ta ɗaga labule.

"Amarya, yi maza. Baffanku zai je Gwarzo sayen taki, ya ce zai rage miki hanya."

"Gwaggo, da an bar shi, kar in wahalar da shi. Zan samu mota."

"Motar wa? Ki tsaya a rana har azahar, a ce gidanmu ba mai kai ki? Ko kin fi ƙarfin babur ne, 'yar masu gareji?"

Me zan ce? Suruki ya yi alheri, amarya ta ce a'a, maganar za ta riga ni isa Gwarzo. Na ɗauki ƙullin kayan barka, zani da sabulu da 'yan rigunan jariri, na fito.

Kun san yadda mace take zama a bayan namijin da ba mijinta ba, balle suruki. Na ajiye ƙullin a kan kujera tsakanina da shi, ni kuma na koma can ƙarshen doguwar kariyar, na riƙe rodi ta baya da hannu biyu. Kowace mace a ƙasar nan haka za ta yi, kuma duk wanda ya gan mu zai ce yarinyar nan tana da tarbiyya. Amma nauyina duka ya koma bayan tayar baya, kamar mutum ya zauna a ƙarshen benci ɗaya gefen ya ɗaga. Shokokin kuwa na buhu ne, ni ban isa in danne su ba. Aka haɗa biyu ke nan: wuya a tsaye, tayar gaba kuma ba nauyi a kanta. A hanyar ƙasa muka tafi lafiya, yana ta gaisawa da mutanen gona. Sai muka hau kwalta.

Da na ga madubin nan yana lilo, na ce, "Baffa, a ɗan rage wuta." A hankali na faɗa, yadda ake yi wa suruki magana. Iska ta tafi da ita.

"Baffa! Kan yana rawa!"

"Na'am? Kar ki ji tsoro, 'yar nan, hanya ce. So nake ki samu wainar suna da zafinta."

Muka taka wani facin kwalta. Kan ya fizge hagu, ya dawo dama, ya sake komawa, hannuwan Baffa suna bin sa kamar na mai tankaɗe. Na ji taya tana kuka. Na ga ya ƙanƙame kan yana kokawa da shi, abin da ba a yi ke nan. Baba ya sha gaya wa masu babur a gabana: in ya kama rawa, kar ka yi faɗa da shi, kar ka taɓa birkin gaba, ka saki wuta a hankali, ka kwanto da nauyinka gaba. Ba lokacin da zan yi wa Baffa wannan bayanin. Abu ɗaya ne a hannuna, nauyina.

Na ture ƙullin ya faɗi titi. Na zamo gaba, na rungume shi ta ƙugu, na danna bayansa da ƙirjina don mu kwanta kan tanki.

Tunda aka kawo ni gidansu ko tabarmarsa ban taɓa takawa ba. Na ji bayansa ya sandare.

"Subhanallahi!" ya ce, hannunsa ya damƙe birki.

Ban ce laifinsa ba ne. Kowane dattijo haka zai zabura. Da na zauna a inda nake, ko da mun wuce? Na tambayi Baba daga baya, ya ce da wuya, ya kau da kai.

Na ga sama, na ga karan dawa, na sake ganin sama. Bayana ya sauka a bakin kwalbati. Ban suma ba, da ma na suma. Ina kwance ina ganin rigunan jaririn a warwatse a kan kwalta, mota tana kauce musu. Mutane suka taru, ana ta salati. Wani ya kama hannuna zai ɗaga ni, sai wani direba ya daka masa tsawa, "Kar ka taɓa ta! Ku nemo katako!" Wata tsohuwa ta ja zanina ta rufe min ƙafafu. Na ga hannunta a kan gwiwata, ban ji shi ba.

"Iya," na ce, "matsa min ƙafar."

"Ai ina matsawa, 'yata."

A kan ƙyauren wani shago aka ɗauke ni. Asibitin Gwarzo suka duba suka ce a wuce Kano, sai an yi hoton baya. A can aka kwantar da ni rigingine, aka ce ko juyi kar in yi. Inna ce take min komai, abin da ta bar yi min tun ina goye. Likitan ƙashi, wani dattijo mai furfura a gemu, ya ce akwai kumburi da yawa, ba zai iya cewa komai ba sai ya sauka. Kullum da safe zai zo da allura ya soki tafin ƙafata ya ce, "Kin ji?" In ce a'a. Ya rubuta, ya wuce gado na gaba. Matar da ke gadon kusa da ni daga kan babur ita ma ta faɗo, da goyo a bayanta. Ita an riga an gaya mata nata sakamakon, keken guragu ake nema mata.

Nura ya zo ya tsaya a kaina, idonsa jawur. Ya ce Baffa yana asibitin Gwarzo, kafaɗarsa ta karye, haƙoransa na gaba sun tafi, likita ya ce da wuya ya sake ɗaga buhu.

"Ya ba ni saƙo. Da ƙyar yake magana. Ya ce a ce miki ki yafe masa."

"Ka ce masa ni ce zan nemi gafara. Na taɓa shi."

Nura ya rufe fuska da hularsa ya fita.

Baba kuwa ba a barin maza su zauna a ɗakin mata sai lokacin ziyara, don haka a waje yake wuni, a tsugune a gindin tagar da ke kusa da gadona. Ya rufe garejin. In na yi tari sai in ji ya yi gyaran murya, don in san yana nan.

Ranar da aka sake min hoto, likitan bai zo da safe ba, sai bayan azahar. Ya ɗaga hoton a hasken taga ya daɗe yana kallo. Inna ta daina jan carbi. Ya yaye zanin daga ƙafata ta dama. Ni na riga na kau da kai bango, don na gaji da cewa a'a.

"Wash!"

Ban san daga bakina ta fito ba sai da na ga Inna ta miƙe tsaye.

"Madalla," in ji likita. "Zuwaira, saurare ni da kyau. Ƙashin ya tsage, amma lakar ba ta tsinke ba. Kumburi ne ya danne ta, ga shi kuma yana sauka. Kin tsira. Ba yau za ki tashi ba, ba gobe ba, za ki sha wuya kafin nan. Amma da ƙafarki za ki fita daga ɗakin nan, in Allah ya yarda."

Inna ta manta da mutanen ɗakin, ta manta da kunya, ta zura kai ta taga.

"Malam! Malam, ta ji allura!"

Daga waje sai muryar Baba ta amsa.

"Alhamdu lillahi. A duba ɗayar ma."

Likita ya yi dariya, ya zagayo ya kama ta hagun, ya soka. Ita ma ta amsa, can ƙasa-ƙasa, kamar mai amsa sallama daga ƙuryar ɗaki.